Ina kuɗin magani ke tafiya? Likitar gwamnati da kilinik a ƙasar Damagaram

Jama'a, kowa ya san lokacin da ciwo ya fi yawa a ƙasarmu. Daga watan Agusta zuwa Oktoba ruwa ya kwanta a tabkuna, sauro ya yi yawa, masassara ta kama yara. Lokacin nan ne kuwa rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo gida ba, kuɗin ci-rani sun ƙare. Magidanta da yawa a Mirya, Magarya, Matamaye, Dungas, Gure da Tanut ba su iya kai yaro likita sai sun kai akuya kasuwa, ko sun ci bashin da za su biya da wake ko gujiya in kaka ta yi.

Shi ya sa gardama ba ta ƙarewa a majalisa da bakin kasuwa. Wasu su ce likitar gwamnati ta fi sauƙi, amma sai ka yini kan layi, daga ƙarshe a miƙo maka takarda a ce ka tafi farmasi. Wasu su ce gara kilinik ta masu zaman kansu, ka biya da yawa a duba ka nan da nan. Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Amma in aka bi sawun kuɗin, za a tarar abubuwa huɗu ne ke hawar da su ko su saukar da su, ko gidan na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa. Na ɗaya, yadda ake sayo magani. Na biyu, yadda ake biyan mai yin magani. Na uku, nisa da jinkiri. Na huɗu, lokacin da ake tara kuɗin, watau tun mutum yana da lafiya ko sai ya kwanta. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, amma bari mu fara da yadda muka taho.

Yadda muka taho

A 1905 Turawan Faransa suka kafa aikin likita na kyauta domin 'yan ƙasa a yankunan da suke mulki a Afirka ta Yamma. Gidajen likitan kaɗan ne, kuma a manyan garuruwa suke, irin su Damagaram wadda ita ce babban birnin Nijar har 1926. Ba a karɓar kuɗi a bakin ƙofa, amma daga lanhon da talakawa ke biya ake gudanar da aikin.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 gwamnati ta ci gaba da ɗaukar nauyin ƙananan gidajen likita. A 1962 ta kafa ma'aikatar ONPPC, ta ba ta ita kaɗai ikon shigo da magani cikin ƙasa, da rarraba shi ga asibitoci da farmasin gwamnati. A cikin shekarun 1960 ɗin nan ne kuma aka fara horar da 'yan agajin ƙauye da ungozomomi, an soma daga jahar Maradi. Gari ya zaɓi mutanensa, a koya musu aiki na 'yan kwanaki, a ba su akwatin magani mai nivakin da asfirin da maganin miki da na ciwon ido. Dattawa da yawa suna tuna akwatin nan.

Da kuɗin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aljihun gwamnati ya yi rauni. Sunan kyauta yana nan, amma kantocin magani na gidajen likita suka zama wayam. Majo ya duba ka ba ka biya ko dala ba, sa'an nan ya rubuta maka takarda ka je ka saya da tsada. Ba Nijar kaɗai abin ya shafa ba. Saboda haka a 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka shirya cewa maras lafiya ya riƙa biyan wani abu kaɗan, a sayo magani mai araha da kuɗin, kwamitin gari ya sa ido a kan asusun.

Kafin a yaɗa tsarin, Nijar ta gwada shi hanya biyu a 1993. A gundumar Sayi, wanda ya zo likita shi ke biya: babba dala 40, watau sefa 200, yaro dala 20. A gundumar Boboye kuwa aka ƙara dala 40 a kan lanhon kowane mai biya, sau ɗaya a shekara, sa'an nan in ciwo ya zo babba ya ba da dala 10 kawai, yaro dala 5. Duka wuraren biyu an zuba magani. Da aka yi lissafi sai aka ga a Boboye masu zuwa likita sun ƙaru ƙwarai, har da talakawa da mata da yara, a Sayi kuwa ba a ga irin wannan ƙaruwa ba. Dokar 1995 ta tabbatar da tsarin biyan kuɗi a ƙasa baki ɗaya, amma hanyar da ta bazu ita ce ta biya a bakin ƙofa. Ku riƙe labarin Boboye, za mu komo kansa.

Abu na ɗaya: maganin kansa

Mafi yawan abin da ke fita daga aljihun maigida a kan magani yake tafiya, ba a kan tikitin dubawa ba. Kusan duk maganin da muke sha daga waje yake zuwa, daga Indiya, Sin, Turai ko Najeriya. Da kuɗin waje ake sayensa. Shi ya sa a watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo, alhali ba abin da ya sake a cikin kwalbar. Bayan saye akwai jirgin ruwa, akwai babbar mota daga bakin teku, akwai kuma kilomita wajen 900 daga Yamai zuwa Damagaram. A 2023, da aka rufe iyakokin Binin da Najeriya, kaya suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso, wasu magunguna suka yi wuyar samu, wasu suka ƙara kuɗi. Wannan wahala ta sami farmasin gwamnati da na 'yan kasuwa duka.

Inda bambanci yake shi ne a wajen irin maganin da ake zaɓa da yawan da ake saye. Magani ɗaya yana iya zuwa da suna biyu. Akwai sunansa na asali, kamar parasitamol. Akwai kuma sunan da kamfani ya laƙaba masa, kamar Doliprane ko Efferalgan. Abin da ke kashe ciwon ɗaya ne, amma mai sunan kamfani ya fi tsada nesa ba kusa ba, domin ana biyan kwali da talla da suna. Tun 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin magunguna wajen 200 waɗanda suka isa warkar da yawancin cututtukan jama'a. Gidajen likita na gwamnati da irin waɗannan masu sunan asali suke aiki. Mai farmasi kuwa ribarsa a kan abin da ya sayar take, in kwalin ya fi tsada ribar ta fi yawa.

Sai maganar yawa. Wanda ya sayi hatsi buhu ɗari ba ya biyan farashin mai sayen tiya ɗaya. Haka magani yake. Ga misali allurar rigakafin sanƙarau da ake kira MenAfriVac, wadda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010. Tun kafin a yi ta aka daidaita da wani kamfani na Indiya cewa za a sayi miliyoyi, da sharaɗin kowace ɗaya ba za ta kai rabin dalar Amurka ba. Da haka aka yi wa jama'a kyauta, kuma irin sanƙarau ɗin da ya fi kashe mutane a da ya kusa ɓacewa. Babu kilinik ɗaya da za ta iya irin wannan ciniki. Ƙarfin gwamnati ke nan, in ta yi saye a kan kari ta kuma biya masu kawo mata kaya.

In ba ta yi ba fa? Sai kanta ta bushe, mutane su koma wajen masu tallar magani a faranti da kan keke. Ƙasarmu tana bakin iyaka, magani yana shigowa ta hanyar Daura, ta Babura da ta Maigatari. Ba duka ne na banza ba, amma ba mai auna shi, kuma rana ta gama dukansa. A Kano ma sai da hukuma ta tashi masu sarin magani daga kasuwar Sabon Gari zuwa wata sabuwar cibiya a Ɗangwauro a 2024, domin a iya sa musu ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, cikin kowane magani goma ɗaya jabu ne ko maras inganci. Mu a Nijar mun ɗanɗana: a annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu. Wanda ya sayi maganin da ba ya aiki sau biyu zai biya, na farko a kasuwa, na biyu a asibiti bayan ciwo ya yi ƙarfi. Araha ba ta ado.

Abu na biyu: yadda ake biyan mai yin magani

Mai kilinik ɗan kasuwa ne, kuma ba laifi ba ne. Yana biyan haya, yana biyan ma'aikata, yana sayen gazuwal na injin wuta, yana biyan lanho, wataƙila da bashin banki ya sayo na'urar hoton ciki. Duk wannan daga hannun maras lafiya zai fito, har da ribarsa. Kuma kowane aiki da kuɗinsa: dubawa, awon jini, hoto, allura, ƙarin ruwa, kwanan gado. Inda ake biya aiki-aiki, aiki yakan yi yawa. Ko likita mai tsoron Allah ne, tsarin yana jansa wajen ƙara awo ɗaya, ƙara kwana ɗaya. Maras lafiya kuwa ba shi da ilimin da zai ce wannan ya isa. Mai sayen sa a kasuwa yana duba haƙori ya taya, in bai yi masa ba ya wuce gaba. Wanda ɗansa ke suma a hannunsa ba ya tayi.

Mu ma da namu hannu a ciki. Mutane da yawa ba su yarda an yi musu magani ba sai an yi allura ko an rataya ƙarin ruwa. In aka ba su ƙwaya sai su ce likitan bai iya ba. Alhali masassara wadda ba ta yi tsanani ba, ƙwayoyin kwana uku sun ishe ta, kuma sun fi allura araha. Mai kilinik ya san abin da muke so, shi yake sayar mana.

A likitar gwamnati lissafin dabam ne. Albashin majo da ungozoma, ginin, firijin rigakafi, duk ba su cikin tikitin da kake biya. Daga baitulmali suke fitowa. Alluran rigakafin yara, gidajen sauro, maganin tarin fuka da na sida, yawancinsu da taimakon ƙungiyoyin duniya ake samo su. Horar da ma'aikata ma haka, a makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram da jami'ar André Salifou. Watau abin da ka biya a bakin ƙofa ɗan yanki ne na ainihin kuɗin. Saura an riga an biya a wani wuri.

Amma albashi ma da tasa illa. Wanda ya duba mutum goma da wanda ya duba ɗari, albashinsu ɗaya a ƙarshen wata. Ba abin da ke tura shi ya ƙara awo na banza, ba kuma abin da ke tura shi ya yi sauri sai zuciyarsa da idon shugabansa. Likitoci sun taru a Yamai da manyan birane, ƙauyuka na nesa ma'aikaci ɗaya ke riƙe da su dare da rana. Daga nan layi ke tsawo. Daga nan kuma wasu ma'aikata ke aikin gwamnati da safe, na kilinik da marece, har a riƙa nuna wa maras lafiya hanyar can. To, tsadar likitar gwamnati ba a tikiti take ba, tana cikin yinin da ka rasa a gona da takardar da aka rubuta maka.

Akwai hanya ta uku da ya kamata a sani: asibitin da ba na gwamnati ba ne, amma ba riba yake nema ba. Asibitin Galmi a jahar Tawa, wanda mishan suka buɗe a 1950, irinsa ne. Ana biya, amma gudummawar waje tana ɗauke wani kaso. Wannan ya nuna mana cewa ba sunan mai gidan ne kaɗai ke yanke farashi ba. A tambayi wa ke ɗaukar sauran nauyin, kuma me ake yi da rarar.

Abu na uku: nisa da jinkiri

Akwai kuɗin da ba su cikin kowace takardar asibiti. Daga Magarya zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram kilomita wajen 90 ne. Daga Tanut sun kusa 150, daga Gure sun fi haka. Kafin a kai bakin kwalta akwai amalanke ko kabu-kabu a cikin rairayi. In motar asibiti ce za ta ɗauka, sau da yawa iyali ne ke zuba mai. Sa'an nan mai jinya zai ci abinci a birni, ga gona an bari a tsakiyar noma. In aka haɗa, sau da yawa waɗannan sun fi kuɗin maganin kansa.

Tsoron wannan kashe kuɗi ne ke sa a dakata. A ce bari mu gani zuwa gobe, a jiƙa saiwa, a sayo ƙwaya biyu a faranti. Ciwo kuwa ba ya jira. Yaron da aka kai ranar farko, awon jini na ɗan yatsa da ƙwayoyi sun ishe shi a likitar ƙauye. Wanda aka kai rana ta biyar jininsa ya ƙone, sai gado, sai allura ta jijiya, sai ƙarin jini, sai neman wanda zai ba da jinin. Kuɗi sun ninka sau da yawa, kuma ba tabbas a tashi da shi. Mace mai naƙuda ma haka: wadda ke zuwa awon ciki ana gane matsalarta tun da wuri, wadda ta kwana biyu tana fama a gida sai fiɗa.

Asibitin yara na Magarya, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun yunwar 2005, shaida ne. A daminar 2018 ɗaruruwan yara suka kwanta a cikinsa lokaci guda, masassara haɗe da tamowa, har ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa yara wajen goma ke rasuwa kowace rana. Magani a can kyauta ne. Abin da ya kashe da yawansu shi ne an kawo su a makare.

Shi ya sa rigakafi ya fi kowane magani araha. Tun 2013 aka fara ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya daga masassara sau ɗaya a wata cikin damina, kuma Magarya tana cikin wuraren da aka soma. A watan Satumba na 2024 an ƙaddamar da allurar rigakafin masassara a Gaya. Irin wannan aiki na bi gida-gida ba wanda zai yi shi domin riba, tun da mai lafiya ba ya zuwa ya biya. Aikin hukuma ne.

Abu na huɗu: kyauta, wa ke biya?

A zamanin shugaba Tanja Mamadu, daga 2001, an gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka masu yawa domin a rage nisa. A 2005 aka ce fiɗar haihuwa kyauta ce. A 2006 aka ƙara da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tazarar haihuwa. Iyaye mata suka yi ta kawo yara. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa a 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 ke mutuwa kafin su cika shekara 5, amma a 2009 sun sauko zuwa 128. Masu binciken sun danganta wannan da maganin kyauta, da ɗakunan shan magani na ƙauye, da rabon gidan sauro, da yaƙi da tamowa.

Amma fa kyauta ba ta nufin ba a biya. Yadda aka tsara shi ne, gidan likita ya yi wa yaro magani, ya rubuta takarda ya aika sama, gwamnati ta maido masa kuɗinsa ya sake sayo magani. Sai biyan ya riƙa jinkiri, wata da watanni, wani wuri har shekaru. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun bi wannan al'amari sun rubuta shi filla-filla. Asusun gidajen likita ya ƙafe, suka ci bashin masu kawo magani, kanta ta sake bushewa. Uwa ta zo da yaro an duba shi kyauta, an miƙa mata takarda. Abin da ya faru a shekarun 1980 ya sake dawowa da sabuwar riga.

A watan Agusta na 2024 gwamnati ta yanke shawarar rage rabin kuɗin aiki a gidajen likita na gwamnati daga 1 ga Satumba, ta mai da haihuwa kyauta, ta kuma soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke biya kafin a fara musu. Sauƙi ne babba ga talaka. Sharaɗin ɗorewarsa shi ne wanda muka riga muka gani: rabin da aka ɗauke wa maras lafiya sai ya iso gidan likita daga baitulmali, kuma a kan lokaci. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. Ƙasashe kaɗan ne suka cika, Nijar ba ta kai ba tukuna. A ƙasarmu kashi 40 cikin 100 ko fiye na duk abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun iyalai yake fita kai tsaye. A Najeriya ya wuce kashi 70.

Abin da ake gani a wasu ƙasashe

Wannan gardama ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka yawancin asibitoci da likitoci masu zaman kansu ne, yawancin ma'aikata kuma kamfanonin inshora ke biya musu. A 2022 an kashe fiye da dalar Amurka 13,000 a kan kowane mutum, watau wajen kashi 17 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara. Wannan ya kai kimanin ninki biyu na abin da ake kashe wa mutum ɗaya a Ingila ko Faransa, amma duk da haka mutanen Ingila da Faransa sun fi na Amurka tsawon rai. Ba wai Amurkawa sun fi kowa zuwa likita ba ne. Farashin kowane aiki da kowane magani ne ya fi tsada, domin masu saye a warwatse suke, kowane kamfani da nasa ciniki, ga tulin ma'aikatan da aikinsu rubuta takardun biya da gardama a kansu.

A Ingila tun 1948 gwamnati ke riƙe da asibitoci, daga haraji ake biya, ba a karɓar kuɗi wajen ganin likita. Kuɗin sun fi sauƙi, amma akwai jira: a 2023 jerin ayyukan da ake jira a asibitocinsu ya wuce miliyan 7. Faransa kuwa tsaka-tsaki ta bi. Likitoci da yawa masu zaman kansu ne, amma tun 1945 akwai asusu na ƙasa da ma'aikata da masu ba su aiki ke zuba wa, kuma da asusun nan ake daidaita farashin dubawa da na magani. Ashe likita yana iya zama mai zaman kansa ba tare da farashi ya gagari jama'a ba, muddin akwai babban mai saye guda wanda ke tayi a madadin kowa.

A Afirka ma an gwada. Ruwanda ta fara asusun taimakon juna na lafiya a 1999, kowane gida ya zuba sau ɗaya a shekara, gwamnati ta biya wa marasa ƙarfi, har ya game mafi yawan jama'arta. Gana ta yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2003. Asalin dabarar ɗaya ce da ta Boboye: a tara kaɗan-kaɗan daga hannun masu lafiya, domin ba kowa ke kwantawa rana ɗaya ba.

Abin da ke hannunmu

Sayo magani da yawa, biyan gidajen likita a kan kari, da sa ido a kan farashin kilinik, aikin hukuma ne. Amma akwai abin da kowane gari da kowane gida zai iya.

Na ɗaya, in jikin yaro ya yi zafi a kai shi likita mafi kusa a ranar, kada a kwana biyu. Mai ciki ta je awo tun cikin yana ƙarami. In masu rabon maganin damina sun zo, a tabbata yaro ya sha na kwana ukun duka, kowane wata. A kwana cikin gidan sauro.

Na biyu, in an rubuta maka takarda, ka roƙi likita ya sa magani mai sunan asali. A farmasi ka tambaya ko akwai irinsa mai araha. Ba abin kunya ba ne. Kada ka matsa a yi maka allura in an ce ƙwaya ta isa. In kilinik za ka, ka tambayi kuɗin kowane aiki kafin a fara.

Na uku, duk abin da ka biya a likitar gwamnati ka karɓi takardar shaida. Ka san abin da doka ta ce kyauta ne. Kwamitin da ke kula da asusun gidan likita na jama'a ne. A zaɓi masu amana waɗanda suka iya karatu da lissafi, maza da mata, a kuma nemi su karanta wa gari abin da ya shiga da abin da ya fita.

Na huɗu, a yi asusu tun da kaka, lokacin da wake da gujiya da riɗi ke hannu. Mu misalta gari mai gida 150. In kowane gida ya zuba jika 2, an sami jika 300. Da wannan za a iya zuba wa mota mai a kai mai naƙuda ko yaro asibiti cikin dare, ba sai an tashi maƙwabta neman rance ba, ba kuma sai an karyar da akuya ba. A wasu gundumomin ƙasar nan an riga an yi irin haka, ana ƙara dala 20 a kan tikiti domin asusun ɗaukar marasa lafiya. Matanmu sun daɗe da sanin adashi, dabarar ba baƙuwa ba ce. A rubuta sunan kowa, a ajiye kuɗin inda mutum ɗaya ba zai iya taɓa su shi kaɗai ba.

Masu karatu, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, ku kai maganar gaban maigari da kwamitin likita tun kafin damina ta kama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.